Lissafin Dokin Rano: Masu Binciken Koyar da Lissafi da Yaron da Suka Manta

Gabatarwa

Yarinyar da ke tallar gyaɗa a bakin tashar mota a Maraɗi, idan aka sayi ta dala talatin da biyar aka miƙa mata dala ɗari, ba ta neman alƙalami kafin ta mayar da canjin dala sittin da biyar. Washegari a makaranta malami zai rubuta 500 − 175 a allo, ya karanta da Faransanci, sai yarinyar nan ta sunkuyar da kai. Alhali lissafin ɗaya ne, domin dala guda tamma biyar ce ta kuɗin sefa. Jiya ta warware shi a tsaye da faranti a ka, yau an rubuta mata sifili a kansa.

Akwai fagen ilimi sukutum da aka kafa domin irin wannan matsala, wato binciken koyo da koyar da lissafi a makarantu. Yana da shehunan malamai da mujallu da tarukan duniya, kuma duk shekara ana buga dubban maƙalu a cikinsa. Sai dai tsarin da ake bi wajen zaɓen abin da za a bincika, da wurin da za a buga shi, da yadda ake saka wa mai binciken, ya sa yarinyar tasha ta zama ta ƙarshe da ake tunawa da ita. Ana ƙirga maƙalu ana murna, ba a ƙirga yaran da suka iya rabawa. Wannan shi ne lissafin dokin Rano, kuma ɗaliban Hausa suna da kaso a cikin laifin, suna kuma da kaso a cikin gyaran.

Inda Ake Yanke Abin da Za a Bincika

Fagen ya tsaya da ƙafafunsa ne a ƙarshen shekarun 1960. A 1968 Hans Freudenthal ya kafa mujallar Educational Studies in Mathematics a Holan. A 1969 aka fara ZDM a Jamus, a shekarar kuma aka yi babban taron duniya na farko kan koyar da lissafi a birnin Liyon na Faransa. A 1970 ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka ta fito da Journal for Research in Mathematics Education, sannan a 1980 Faransawa suka kafa tasu, Recherches en didactique des mathématiques. Har gobe waɗannan suna cikin mujallun da ake ɗaga wa hula, kuma abin da editocinsu suka ga ya cancanci bugawa shi ne yake zama abin da ya cancanci bincike.

Babban taron nan da aka fara a Liyon an yi shi sau goma sha biyar, na baya-bayan nan a Sidni ta Ostareliya a 2024. Ya je Turai da Amurka ta Arewa da Asiya, bai taɓa sauka a Afirka ba ko sau ɗaya. Wanda ya buɗe mujallun zai tarar mafi yawan azuzuwan da ake nazari a Amurka suke, ko Turai, ko Ostareliya, ko gabashin Asiya. Idan an ambaci Afirka, galibi Afirka ta Kudu ake nufi. Ajin zana mai yara tamanin, wanda littafi guda ke zagaya benci uku, ba ya cikin hoton da mai tace maƙala yake da shi a zuciya idan an ce masa aji.

Ba wanda zai zargi Bajamushe don ya yi nazarin ajin Jamus. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Abin zargi shi ne mai ɗakin da ya bar nasa yoyon ya hau rufin maƙwabci da gyara, domin a can ne ake tafa wa magini.

Yayi Bayan Yayi

Tarihin fagen jerin yayi ne, kuma kowane yayi daga waje yake isowa. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, ƙasashen Yamma suka firgita suka sake manhajar lissafi, aka shigo da abin da aka kira sabon lissafi, mai farawa da nazarin rukunoni kafin yaro ya ƙware a tarawa. Daga 1962 aka riƙa tara masana a Entebbe ta Yuganda ana rubuta wa ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi littattafan wannan salo, ƙasashe renon Faransa kuwa suka bi sawun gyaran da aka yi a Faris. Ba a daɗe ba waɗanda suka ƙirƙiro shi suka juya masa baya. Nijeriya ta soke shi a 1977, bayan an kashe dukiya kuma an rikita malamai da iyaye.

A shekarun 1980 aka koma maganar warware matsala. Daga nan sai ra'in da ke cewa yaro shi ke gina iliminsa da kansa, sai nazarin irin sanin da malami ke buƙata, wanda maƙalar Lee Shulman ta 1986 ta buɗe wa ƙofa. A shekarun 2000 koyarwa bisa ƙwarewa ta mamaye manhajojin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Aka shiga yayin kwamfuta da GeoGebra, yanzu kuma tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 hankali ya koma kan ƙirƙirarriyar basira.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin amfani a cikinsa. Illar ita ce matashin manazarci a Yamai ko Garwa ko Tamale yana duba abin da ake bugawa bana, ya ɗinka bincikensa daidai da shi. Sai a ga an raba wa malamai takardun tambaya kan ra'ayinsu game da koyarwa da kwamfuta a makarantar da ba a taɓa ja mata wutar lantarki ba, a tattara amsoshi, a zuba su cikin jadawali, a buga. Maƙala ta fito, digiri ya samu, ajin yana nan yadda yake.

Tambayar da Ta Tsufa Ba a Amsa Ba

Maganar harshen da ake koyar da lissafi da shi ba sabuwa ba ce. A 1964 Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya buga L'Éducation en Afrique, inda ya yi kira da a koyar da yaran Afirka da harsunansu. A 1967 John Gay da Michael Cole suka wallafa nazarinsu kan yaran Kpelle na Laberiya, suka nuna mutanen da ake cewa ba su iya lissafi ba sun fi Amurkawa iya kintatar yawan shinkafa da kofin awo. A 1970 Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ile-Ife, inda aka koyar da dukkan darussa ban da Ingilishi, har da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. A 1974 hukumar UNESCO ta tara masana harshe da na lissafi a Nairobi kan wannan batu kaɗai.

Yau fiye da shekara hamsin ke nan. Makarantun Nijar masu harshe biyu sun shafe shekaru da dama suna amsa sunan gwaji, kamar tuwon da aka ƙi saukewa ana ta ɗanɗana shi a tukunya. Awon PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe goma, ya nuna yaran Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. A awon nan kuma Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi, ita ce ta zo kan gaba a lissafin azuzuwan farko, duk da tana cikin ƙasashe mafi talauci a jerin. Awon 2019 ya nuna Nijar ta ɗaga, amma mafi yawan yaran ba su kai matakin ba tukuna.

Gaskiya ne Burundi kusan harshe ɗaya gare ta, gaskiya ne kuma masu sukar gwajin Ife sun ce an ba azuzuwan gwajin malamai da littattafai na musamman. To ai waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata a ce bincike na shekara hamsin ya tsefe, aji bayan aji, a Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Kanuri da Tamajak. Rashin tarin hujja na gida shi ya sa manufofi suke lilo. A Oktoban 2025 ministan ilimi na Gana ya umarci a koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Wata guda bayan haka ministan ilimi na Nijeriya ya soke manufar 2022 mai irin wannan tanadi, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa. Ƙasashe biyu na yanki guda sun kama hanyoyi masu hannun riga, kowace tana cewa don yara ta yi.

Ma'aunin da Ya Karkace

Dalilin wannan sakaci yana cikin yadda ake auna malamin jami'a. A ƙasashe renon Faransa hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin girma. A Gana da Nijeriya kwamitocin jami'o'i ke yi. Ko'ina abin da ake fara ƙirgawa shi ne yawan maƙalu da darajar mujallar da ta buga su, ana ƙara karkata kuma ga waɗanda suka shiga rumbunan Scopus da Web of Science, na kamfanonin Elsevier da Clarivate. Mafi yawan mujallun koyar da lissafi da ke cikin rumbunan nan da Ingilishi suke fita. Ko manazarcin Faransa yana kuka da wannan, balle na Tawa.

Malamin da ya share shekara biyu yana rubuta jagoran koyar da rabawa da Hausa, ya gwada shi a makarantu ashirin, ya gyara, ya sake gwadawa, zai tarar ma'aunin bai san da aikinsa ba. Abokinsa da ya yanka bincike ɗaya gida huɗu ya aika wa mujallu huɗu ya riga shi hawa. Mai hankali kuwa yana ganin inda ake rabon, can zai kai ƙoƙonsa.

Sai kuma maganar kuɗi. Maƙala a babbar mujalla ko dai a kulle take sai an biya a karanta, ko kuma marubuci ya biya dubban dalolin Amurka a buɗe ta ga kowa. Wannan tsaga ita ta ba ƙadangare wurin shiga. Mujallun bogi suka cika intanet, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da tacewa ba, irin waɗanda Jeffrey Beall ya riƙa jerawa har ya rufe jerinsa a farkon 2017. Nagartaccen aiki yana bayan ƙofar da malamin firamare ba shi da mabuɗinta, tarkace kuma yana watse a fili. Tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Faransisko da ke cewa a daina auna mutum da darajar mujalla, a karanta aikinsa. Kwamitocin ƙarin girma da yawa har yau ƙirga suke yi.

Abin da Masu Musu Za Su Ce

Za a ce lissafi ba shi da harshe, biyu da biyu huɗu ne ko'ina. Alƙaluman ba su da harshe, amma bayanin malami yana da shi, tambayar jarrabawa tana da shi, shakkar da yaro ke son furtawa ita ma tana da shi. Yaron Faransa da kansa yana tuntuɓe a kan 97, wanda harshensa ke kira ashirin huɗu da goma sha bakwai, har ƴan Beljiyam da Suwizalan suka riƙe wasu sunaye masu sauƙi ga saba'in da casa'in. Yaron Doso ana so ya haɗiye wannan tare da sabon harshe a rana guda.

Za a ce manyan mujallu ba su yi watsi da batun ba, a kawo aikin Jill Adler da Mamokgethi Setati kan azuzuwa masu harsuna da yawa a Afirka ta Kudu, da babban kundin 2016 mai suna Mathematics Education and Language Diversity. Aiki ne mai daraja, ya kamata a karanta shi. Amma da Ingilishi aka yi shi, kuma ajin Soweto ba ajin Tasawa ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara.

Za a ce akwai shirin Research4Life da ke buɗe wa ƙasashe matalauta mujallu, akwai rumbun AJOL na mujallun Afirka tun 1998, akwai kamfanonin da ke yafe kuɗin bugu. Haka ne, kuma an gode. Sai dai waɗannan sun sauƙaƙa wa malamin jami'a ne. Malamin aji uku a ƙauye, wanda shi ne zai aiwatar, ba abin da ya iso masa cikin harshen da zai tsaya gaban allo ya yi amfani da shi.

Za a kuma ce Hausa ba ta da kalmomin lissafi. Mai wannan magana bai zauna wurin rabon gado ba, inda ake ambaton rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni ba tare da gargada ba. Bai san Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi ba, Bakatsinen da ya yi rubutu da Larabci kan hanyoyin tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙasar da ta fitar da irin wannan malami ba baƙuwar lissafi ba ce. Kalmomin da suka rage ƙirƙira ake yi, kamar yadda kowane harshe ya ƙirƙiri nasa.

Laifin Gida

A nan ne maganar ta dawo kan sassan nazarin Hausa. Kundayen digiri sun cika kantoci kan jigo da salon mawaƙi kaza, da kwatanta karin harshen gari kaza da daidaitacciyar Hausa. Ba a raina waɗannan ba, amma an yi tuya an manta da albasa. A 1990 aka buga Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace, ya ba ɗalibi kalmomin nazarin harshe da adabi, shi ya sa yau ake rubuta kundin digirin ƙarshe da Hausa ba a jin komai. Kalmomin lissafin firamare suna buƙatar a daidaita su tsakanin Nijar da Nijeriya, kada yaron Maraɗi da na Katsina su kira abu ɗaya da sunaye biyu.

Tambayoyin suna nan birjik, kuma mai ilimin harshe ne ya fi cancanta da su. Tun shekarun 1980 ake bincike kan yadda sunayen lambobi na Sinanci da Japananci, masu bayyana goma-goma a fili, suke taimaka wa yaro gane matsayin lamba. Hausa tana da tsari biyu. Akwai ashirin da talatin da arba'in da aka aro daga Larabci, waɗanda ba sa nuna goman da ke cikinsu, akwai kuma gomiya biyu da gomiya uku da har yau ake ji a Nijar, masu faɗin abin da suke nufi ƙarara. Wanne ya kamata yaro ya fara ji? Wannan kundin digiri ne guda. Bahaushe yana cewa ashirin ba biyu yana nufin 18, ya sa ɗebewa cikin sunan lamba. Yana cewa ashirin da biyar, wanda zai iya zama sunan 25 ko umarnin a tara lambobi biyu. Kalmar kashi tana ɗaukar rabo, tana ɗaukar ɓangare, tana ɗaukar ɗaya bisa ɗari. Raba a bakin mutane ba dole ta zama raba daidai ba. Ninki biyu wani na nufin sau biyu, wani na nufin fiye da haka. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan rami ce da yaro zai iya faɗawa, ko tsani da malami zai iya kafa masa.

Sannan ga dala. Yaro yana riƙe da kuɗin da aka rubuta wa 100, bakinsa yana cewa dala ashirin, takardar 1000 kuma jika ce. Kullum yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar bai sani ba. A 1985 wasu manazarta uku suka buga nazarin yara masu talla a birnin Resife na Birazil, waɗanda suke cin lissafi a titi su faɗi irinsa a takarda. Shekara arba'in ana ambaton wannan aiki a duniya. Yaran tashar Maraɗi suna yin abin da ya fi wancan wuya, abin da ya rage shi ne mai na'urar ɗaukar magana da haƙurin zama.

Kammalawa

A 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga harshe a takarda, amma ba ta rubuta darasin rabawa. Wannan aikin manazarta ne, kuma ba za su yi shi ba sai ma'auni ya sauya.

Ya wajaba CAMES da kwamitocin jami'o'i su ba jagoran malami da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da littafin aji da aka gwada aka tace maki irin na maƙala. Ya wajaba duk binciken da aka yi a ajin yaran Hausawa ya fito da cikakken taƙaitawa da Hausa, a kai shi makarantun horar da malamai kyauta, domin wanda aka ɗebi ruwa a rijiyarsa yana da haƙƙin sha. Ya dace sassan Hausa da na lissafi da na ilimin koyarwa su riƙa duba ɗalibi guda tare, su kuma kafa mujalla mai tacewa ta gaskiya, wadda ba ta karɓar kuɗin marubuci, mai fita da Hausa tare da tsakure da Faransanci da Ingilishi.

Ɗalibin da ke neman batun kundi kuwa ba sai ya jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya nemi izinin shugaban makarantar firamaren unguwarsu, ya zauna a bayan aji na biyu tsawon zango guda, ya rubuta duk abin da malami ya faɗa da duk abin da yara suka mayar, da inda aka sauya harshe da abin da ya sa aka sauya. Da yamma ya bi yaran nan kasuwa ya saurari yadda suke ba da canji.